Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Amfilifayar Jita Mai Sauƙin Kuɗi Da Za Ta Jitu Da Fedoji

Matasa da yawa da ke koyon jitar lantarki a yau a waya suke ɗaukar darasi. Su kalli bidiyo a YouTube ko TikTok, su ji sautin da ya burge su, su tara kuɗi su sayi irin fedar da mai bidiyon ya taka. Ana kawo ta gida a jona da 'yar amfilifayar da ke ɗaki, sai a ji abu kamar an kulle zuma a gwangwani. Nan take a ce fedar jabu ce. Sau da dama kuwa lafiyarta ƙalau, amfilifayar ce ta kasa ɗaukar abin da ake ba ta.

Feda ƙaramin akwati ne da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, ana taka shi da ƙafa don a sauya sauti. Akwai masu sa sauti ya yi kaushi, waɗanda ake rubuta Overdrive, Distortion ko Fuzz a jikinsu. Akwai mai maimaita sauti, wato Delay, da mai ba shi amsa-kuwwa kamar ana kiɗa a babban zaure, wato Reverb. Duk abin da suka yi, ta amfilifaya zai bi kafin ya kai kunne. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi da ke son amfani da fedoji abu ɗaya ya kamata ya sa a gaba: amfilifayar da ke fitar da sauti garau, kuma take riƙe shi garau ko an ƙara mata murya.

Me ya sa sauti garau ya fi komai?

Kowace amfilifayar jita tana da sassa uku. Na farko shi ke karɓar raunanan siginar jita ya daidaita ta, a nan maɓallan Gain, Bass, Middle da Treble suke aiki. Na biyu shi ke ƙara mata ƙarfi. Na uku ita ce lasifika. Irin wadda aka haɗa duka ukun a akwati ɗaya ita ake kira kombo, kuma ita ta fi dacewa da mai koyo.

Kowane sashe yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Idan sigina ta wuce iyakar, sai sautin ya dishe kamar muryar wanda ya kwana yana ihu. Tazarar da ke tsakanin ƙarar da ake kiɗa da ita da inda dishewar ke farawa ita ce sararin amfilifaya. Fedoji sarari suke so. Fedar kaushi ta riga ta murƙushe sauti daidai yadda aka tsara ta. Idan amfilifaya ta sake murƙushe shi, tsirkiyoyi shida za su cakuɗe a kasa bambance wannan da wancan. Fedar maimaita sauti ma haka: maimaicin da ya kamata ya riƙa yin ƙasa a hankali sai ya taso ya haɗu da sabon bugu.

Wannan ne dalilin da ya sa Roland JC-120, wadda ta fito tun 1975, har yau masu fedoji ke girmama ta. Ta shahara ne da sautinta mai tsabta wanda ba ya dishewa da wuri. Ita babba ce kuma mai tsada, amma halinta shi ake nema a cikin ƙanana.

Lissafin wat yana ruɗi

Ana yawan zaton amfilifaya mai wat 20 ta ninka mai wat 10 ƙara. Ba haka lissafin yake ba. Ninka wat sau biyu yana ƙara kusan desibel 3 ne kawai, bambancin da kunne zai ji amma ba mai yawa ba. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma.

Amfanin ƙarin wat shi ne sarari. Mai wat 10 za ta iya cika ɗaki da ƙara, amma tana yin haka ne a ƙarshen ƙarfinta. Mai wat 20 zuwa 35 za ta ba da wannan ƙarar ba tare da ta wahala ba, ta bar wa feda wurin motsi. Don atisaye a ɗaki, wat 15 zuwa 25 na irin mai tiranzista ya wadatar. Wanda zai yi kiɗa tare da mai ganguna, a coci ko wurin biki, ya duba wat 35 zuwa 50, ko kuma a sa wa ƙaramar makirufo a haɗa ta da manyan lasifikokin wurin.

Lasifika ita ce bakin magana

Idan aka rasa wanda za a zaɓa tsakanin yawan wat da girman lasifika, a zaɓi lasifika. Tsirkiya mafi kauri ta jita tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, kuma fitar da irin wannan sauti na ƙasa yana buƙatar a tura iska da yawa. Lasifika mai inci 3 ko 4 ba ta da faɗin yin hakan. Da an taka feda mai nauyin sauti irin su Big Muff, sai ta fara ɓarɓarniya. Mai inci 6 ko 6.5 ta fi, amma har yanzu sautinta siriri ne. Daga inci 8 fedoji ke fara jin daɗi, inci 10 da 12 kuwa su ne girman da akasarin sautin da ake ji a faifai ya fito daga gare su.

A nan ne kuma amsar wata tambaya da masu waya ke yawan yi take: me zai hana a jona feda kai tsaye da lasifikar Bluetooth ta jin waƙa? An ƙera lasifikar jita ne ta yadda take rage sautin sama daga wajajen kaɗawa 5,000 a daƙiƙa, kuma can sama ne mafi yawan tsiwar fedar kaushi take. Lasifikar jin waƙa tana fitar da komai, shi ya sa sautin ke zama ƙaiƙayi a kunne. Ga shi kuma Bluetooth yana kawo jinkiri tsakanin bugun tsirkiya da fitar sauti, abin da ke rikita hannun mai kiɗa.

Mai bawul, mai tiranzista ko ta dijital?

Mai bawul ita ce tsohuwar fasaha, irin ta rediyon da. Tana da daɗin sauti, kuma fedoji irin su Ibanez Tube Screamer an san su da tura irin wannan amfilifaya ta dishe a hankali cikin daɗi. Sai dai ƙananan da ake samu da araha, masu wat 5, suna fara dishewa tun ba a je ko'ina ba, wato sararinsu kaɗan ne. Bawul yana zafi, yana iya fashewa a hanya, kuma yana tsufa sai an canja.

Mai tiranzista ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, ta fi jure wahala, kuma tana riƙe sauti garau har kusa da ƙarshen ƙarfinta. Ga mai fedoji da kuɗinsa ƙayyadaddu ne, yawanci ita ce zaɓin hankali.

Ta dijital kuwa ƙaramar kwamfuta ce a ciki da ke kwaikwayon sautin amfilifaya iri-iri, da fedojinta na ciki, wasu har da manhajar waya. Wanda bai sayi feda ko ɗaya ba tukuna ya yi tunani a nan, don wataƙila ita kaɗai ta ishe shi. Wanda ya riga ya mallaki fedoji sai ya zaɓi saitin Clean, ya kashe duk kayan ƙawa na ciki. Wasu daga cikin masu arahar ba sa son sigina mai ƙarfi. Idan aka ɗaga maɓallin Level na feda da yawa sai su yi wata ƙara mai tsaga kunne.

Ƙofofin da za a duba

Kebul ɗin feda ƙofar Input yake shiga. Ƙofar Aux ta waya ce, don sa waƙa ko kiɗan rakiya a riƙa bi. Ƙofar hedifon kuma ita ce mai raba mai koyo da rigimar maƙwabta da dare.

Wasu suna da ƙofofi biyu a baya, Send da Return. Amfaninsu shi ne a sa fedojin maimaici da amsa-kuwwa bayan sashen farko na amfilifaya. Wannan yana da muhimmanci ne ga wanda ke ɗauko kaushin sautinsa daga amfilifayar kanta. Wanda ya bar ta garau, fedoji ke yi masa kaushi, ba sai ya biya ƙarin kuɗi don su ba. Ya jera fedojinsa kawai: na kaushi a farko kusa da jita, maimaici a bayansu, amsa-kuwwa a ƙarshe.

Mai amfani da feda ɗaya mai tarin sautuka, irin Zoom G1 Four, ya tuna cewa tana kwaikwayon amfilifaya da lasifika a cikinta. Idan zai shiga ta Input, ya kashe kwaikwayon lasifikar, in ba haka ba sautin zai fito kamar an lulluɓe shi da bargo.

Wasu samfura da aka sani

Blackstar Fly 3 (wat 3, inci 3) da Boss Katana Mini (wat 7, inci 4) suna aiki da batir AA guda shida. Sun dace da tafiya da lokacin da babu wuta, amma ba su ne za su nuna ainihin sautin feda ba.

Fender Frontman 10G (wat 10, inci 6) da Vox Pathfinder 10 (wat 10, inci 6.5) suna cikin mafi araha. Suna ɗaukar feda ɗaya ko biyu idan ba a ɗaga murya ba.

Marshall MG15 (wat 15), Orange Crush 20 da Fender Champion 20 (wat 20 kowacce) duk lasifikarsu inci 8 ce. Nan ne kuɗi da inganci suka fi haɗuwa ga mai atisaye a ɗaki.

Orange Crush 35RT tana da wat 35, lasifika inci 10, da ƙofofin Send da Return. Boss Katana-50 kuma ta dijital ce mai lasifika inci 12, da maɓallin da ke sauke ƙarfinta daga wat 50 zuwa 25 ko rabin wat. Sun fi na baya tsada, amma wanda ya saye su ba zai yi saurin neman wata ba.

Maganar wuta

Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 240 ne, ta Amurka kuwa 120. Kayan hannu da yawa daga can suke zuwa, don haka kafin a jona kowace amfilifaya a karanta rubutun da ke bayanta. Idan 120V kaɗai aka rubuta, dole sai da taransifomar rage wuta, in ba haka ba jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta. Mai amfani da janareto ko wutar da ke hawa da sauka ya tanadi sitabilaiza. Kada kuma a karya ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket. Ita ke sauke wuta ƙasa idan an sami matsala, kuma tsirkiyoyin jita ƙarfe ne da ke hannun mai kiɗa.

Akasarin fedoji bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu bangaren ragi ne, mai alamar debewa. Adaftocin gida da yawa akasin haka suke, ko da bakinsu ya shiga daidai. A duba zanen da ke jikin feda da na adafta su yi daidai. Adafta marar inganci kuma ita ce kan gaba wajen kawo gurnanin da ake ɗora wa amfilifaya laifinsa.

Gwaji kafin biyan kuɗi

Bidiyon talla ba ma'auni ba ne, domin an ɗauke shi da makirufo mai kyau, an gyara, sannan aka saurare shi ta lasifikar waya. Mai saye ya je shago da jitarsa da fedojinsa, ya bi waɗannan matakai:

1. Ya sa ta a Clean, Gain ƙasa, Bass, Middle da Treble a tsakiya, kayan ƙawa na ciki a kashe.
2. Ya ɗaga murya zuwa inda zai riƙa amfani da ita, ya ɗan ƙara, sannan ya bugi tsirkiyoyi masu kauri da ƙarfi. Idan ta dishe tun babu feda, sararinta bai isa ba.
3. Ya taka fedoji ɗaya bayan ɗaya, yana daidaita Level ta yadda ƙara ba za ta yi tsalle ba, sannan ya haɗa su.
4. Ya daina kiɗa ya saurara. Ɗan huci ba laifi ba ne, amma gurnani mai ƙarfi alamar matsala ce.
5. Idan ta hannu ce, ya murɗa kowane maɓalli ya ji ko yana ƙarce-ƙarce, ya motsa kebul a bakin Input, ya haska fitilar waya ya duba ko takardar lasifika ta yage. Ƙarcen maɓalli sau da yawa ƙura ce, mai gyara zai wanke. Yagaggiyar lasifika kuwa sai dai canji, a cire kuɗinta daga farashi.

An ce araha ba ta ado, amma a wannan harka ba sai an kashe dukiya ba. Wanda kuɗinsa ya kai ga mai tiranzista ta wat 20 da lasifika inci 8 ya sami abin da zai yi masa aiki shekaru. Wanda bai kai ba, gara ya jinkirta sayen feda ta biyu ya ƙara kuɗin a kan amfilifaya, tunda duk fedar da zai saya nan gaba ta cikinta za ta bi.