Tafiya Indiya Lokacin Damina: Abin Da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani

Mutanenmu da dama na zuwa ƙasar Indiya, wasu neman magani, wasu fatauci, wasu karatu. Akwai masu zaɓar watannin damina saboda baƙi sun ragu, kuɗin masauki ya sauka a wurare irin su Goa da Kerala. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado. Lokacin da kuɗin ɗaki ke sauka, lokacin ne sauro da gurɓataccen ruwa ke yawaita.

Daminar Indiya takan faro daga jihar Kerala wajen farkon watan Yuni, ta haura arewa, ta ɗauke a watan Satumba. Birnin Chennai, inda majinyata da yawa ke zuwa, nasa ruwan ya fi ƙarfi daga Oktoba zuwa Disamba. Ruwan kuwa ba irin wanda muka saba ba ne. Ran 26 ga Yuli, 2005, an yi ruwan da ya kai milimita 944 cikin awa 24 a birnin Mumbai, kusan abin da Kano ke samu a shekara guda.

Zazzaɓin dengi

Sauron da ke yaɗa dengi da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma yamma kafin faɗuwar rana, don haka gidan sauro da dare kaɗai bai wadatar ba. Yana hayayyafa a ruwan da ya taru cikin tsohuwar taya, gwangwani ko tukunyar fure. Bayan kwana 4 zuwa 10 da cizo sai zazzaɓi mai zafi ya taso, da ciwon kai, ciwo a bayan idanu da ciwon gaɓoɓi. A sha farasitamol da ruwa mai yawa. Kada a sha asfirin ko ibufurofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Lokacin da zazzaɓin ya fara sauka shi ne lokacin da aka fi bukatar lura. Idan aka ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, ko jini daga hanci ko dasashi, a garzaya asibiti nan take.

Ciwon fitsarin ɓera

Likitoci na kiran sa leftosifairosis. Ƙwayar cutar tana fitowa cikin fitsarin ɓera da wasu dabbobi, ambaliya ta kwaso ta zuwa titi. Tana shiga jiki ta rauni ko faso a ƙafa, ko ta ido da baki. Bayan ambaliyar Mumbai ta 2005 an sami ɓarkewar wannan ciwo. Alamominsa su ne zazzaɓi, ciwon sha-raɓa da jan ido, kuma idan ya yi tsanani yakan taɓa ƙoda da hanta. Yana jin magani idan an fara da wuri. Kada a ratsa ruwan ambaliya da silifa. Idan ta zama dole, a wanke ƙafa da sabulu da ruwa mai tsabta. Mai ciwon suga ya duba ƙafarsa kowane dare.

Zazzaɓin cizon sauro

Kada mutum ya ce ai ya saba da shi a gida. A Indiya akwai wani nau'i mai suna bibaks, wanda kan ɓuya a hanta ya dawo bayan watanni. Maganin da ke fitar da shi daga hanta, wato firimakwin, yana iya fasa ƙwayoyin jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, kuma wannan ƙaranci ya yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma, musamman maza. A nemi gwajin G6PD kafin a sha.

Ci da sha

Ambaliya kan haɗa ruwan sha da na bayan gida, sai taifot, kwalara da gudawa su bazu. A sha ruwan gora wanda ba a ɓalle murfinsa ba, ko wanda aka tafasa. A guji ƙanƙara da yankakkun 'ya'yan itace na bakin titi, a ci abinci da zafinsa. A tafi da ƙunshin gishiri da sukari na ORS. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Kafin tashi da bayan dawowa

A ga likita mako 4 zuwa 6 kafin tafiya. Indiya na neman katin allurar shawara daga masu zuwa daga Nijeriya da Nijar. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Masu hawan jini ko ciwon suga su ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, domin ruwa kan hana jirgi tashi. A ajiye magani da takardun asibiti cikin leda, a jakar hannu. Mai juna biyu da wanda za a yi wa tiyata su shawarci likita ko tafiyar za ta iya jira sai rani.

Duk wanda zazzaɓi ya kama bayan ya dawo, ko da an yi watanni, ya faɗa wa likita ƙasar da ya je da ranar da ya dawo. Wannan bayani ne zai sa a yi masa gwajin da ya dace.