Can Ana Sayen Rana, Nan Ana Sayen Ruwa

A Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai akwai manoman da ba ruwansu da hadari, ba ruwansu da hunturu ko bazara. Gonarsu a cikin gini take, a rufe ruf, babu taga balle rana ta leƙo. Abin da suke shukawa tabar wiwi ce. Wasu da izinin hukuma suke yi, domin jihar Kolorado ta fara sayar da ita a kantuna tun Janairun 2014, Kanada kuma ta halatta ta a Oktoban 2018. Wasu a ɓoye suke yi. Da yake tsiro ba ya rayuwa sai da haske, sai su rataya manyan fitilu a saman shukar, su bar su a kunne awa 12 zuwa 18 kullum, wata da watanni. In an girbe an shanya, tambaya ɗaya suke yi wa juna: giram nawa kowane wat na fitilarka ya ba ka? Mai fitilar wat 1,000 da ya tashi da kilo guda na busasshen kaya, sai a ce ya yi giram ɗaya a wat, ya cika manomi.

Ni ba na ƙaunar wannan ganye ko kaɗan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum kusan miliyan 10.6 masu shan wiwi a Najeriya, kuma duk wanda ya zauna a ƙauye ko unguwa ya san gidan da abin ya shiga ya bar uwa da kuka. Nomanta laifi ne a ƙasar nan, hukumar NDLEA na farautar masu yi. Amma ma'aunin nan nasu na giram da wat ya cancanci a tsaya a dube shi, saboda gurguncin da ke cikinsa shi ne yake cin manoman rani a bakin Dam ɗin Tomas da na Watari da na Jakara, ba tare da sun ankara ba.

A ɗauka manoma biyu ne a ƙasar Dambatta, kowanne da injin ban ruwa mai inci biyu, kowanne ya dasa tumatir, kowanne ya tsinki kwando 100. In da girman inji za a auna su, sun yi kunnen doki. To amma na farko lambunsa a fadama yake, ƙasa mai laka, in ta sha ruwa sai ta yi kwanaki da danshinta. Na biyu a kan jigawa yake, nesa da ruwa, ya haɗa tiyo a kan tiyo, kuma yashi na shanye ruwan tun kafin ya kai ƙarshen fangali. Injinsa tun hantsi yake kuka har la'asar, bayan kwana biyu a sake. Kwandunansu ɗaya, injinsu ɗaya, amma jarkokin fetur da na biyun ya ƙona sun ninka na ɗan'uwansa. Ranar da suka kai kaya kasuwar 'Yankaba kuɗi ɗaya dillali zai ƙirga musu. Ɗaya zai koma gida da riba, ɗaya zai koma ya biya mai bashin fetur ya zauna yana mamakin inda guminsa ya tafi.

Wat ɗin fitila shi ne incin inji. Yana faɗa maka ƙarfin abin ne kawai, ba ya faɗin awa nawa ya yi yana ci. Abin da ya yi daidai da litar fetur shi ne yunit ɗin da mita ke ƙirgawa, irin wanda mai mitar kati yake saya a wurin KEDCO: wat 1,000 na tsawon awa guda. Fitilar wat 1,000 da ta yi awa 12 a kunne ta ci yunit 12 a yini, a wata biyu ta ci 720. Wanda ya kwashe amfaninsa a wata biyu da wanda ya kai wata uku za su iya cewa duk giram ɗaya suka yi a wat, alhali na biyun ya ƙara rabin wutar da na farkon ya ci. Shi ya sa masu lissafi na gaskiya a cikinsu suka koma tambayar giram nawa aka samu a kowane yunit. Yunit 720 kuwa ba abin wasa ba ne a idon ɗan Najeriya. In aka raba duk wutar da ake sha a Najeriya ga kowane ɗan ƙasa, rabon mutum bai kai yunit 200 ba a shekara. Fitila guda, a ɗaki guda, cikin wata biyu, ta cinye fiye da rabon mutum uku na shekara cur.

Kuma fitilar ma somin taɓi ce. Manomin rani ya san fetur ba shi kaɗai ne kuɗin ruwa ba: ga baƙin mai, ga tiyon da rana ta ci ya fashe, ga makanike, ga yaron da zai tsaya yana juya ruwa daga fangali zuwa fangali. Haka abin yake a ɗakunan nan. Fitilu suna zafi, sai an kunna na'urar sanyaya ɗaki. Ganye yana fitar da laima, sai an kunna wata na'urar ta tsotse ta, in ba haka ba fumfuna ta kama kayan. Fankoki ba sa hutawa dare da rana. A ƙasashen sanyi, iskar da aka jawo daga waje sai an ɗumama ta. Wani masanin makamashi mai suna Evan Mills ya yi wannan lissafin a 2012, ya gano cewa noman wiwi a ɗaki yana cin kusan kashi 1 cikin 100 na duk wutar Amurka, abin da ya kai dala biliyan 6 a shekara, kuma fitilu ba su kai rabin ɓarnar ba. Ya ƙiyasta cewa kilo guda na kayan yana jawo sakin kilo 4,600 na iskar kabon mai ɗumama duniya. A 2021 masana a Jami'ar Jihar Kolorado suka sake aunawa gari-gari, suka sami tsakanin kilo 2,283 da 5,184, gwargwadon yanayin wurin. Duk wannan, ma'aunin giram da wat bai san da zamansa ba.

Akwai kuma ɗan ha'incin awo, wanda ɗan gwari zai gane nan take. Kwandon ɗanyen tumatir in aka yanka aka shanya ya zama kauɗa, ɗan abin da zai rage ba shi da yawa. Haka wiwi take, mai son cika baki sai ya auna kayansa da sauran danshi.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk abin da aka tsallake a lissafi, wani ne yake biya. A gefen birnin Madrid na ƙasar Sifaniya akwai wata unguwar talakawa, Kanyada Riyal. A Oktoban 2020 wuta ta ɗauke a wasu sassanta, aka ce gonakin wiwi na ɓoye da ke satar wuta ne suka yi wa layin nauyi. Mutum kusan 4,000, cikinsu yara wajen 1,800, suka shiga hunturun Turai a duhu, kuma abin ya ɗauki shekaru. Mafi yawansu ba su shuka komai ba. Mu da muka san taransifoma ta ƙone a bar gari wata shida ba wuta, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Masu noman ɗaki can rana suke saya da tsada, ruwa kuwa yana zuwa musu a famfo. Mu nan Allah Ya hore mana ranar da suke wahalar kwaikwayo. A ƙasar Kano, kowace murabba'in mita tana samun hasken da ya kai kimanin yunit 5 zuwa 6 a yini, wato eka guda tana shan sama da yunit 20,000 kullum, ba mita, ba takardar biya. A wannan yanki da gona ke manne da gona, inda ba a barin fili ya huta, inda kakanni suka riƙa ɗauko takin birni a mangalar jaki don ƙasa ta ci gaba da ba da gero da dawa da gyaɗa, haske bai taɓa zama abin nema ba. Ruwa ne abin saye da zarar damina ta ɗauke a Oktoba. Shari'a ma ta san da wannan tun tuni: hatsin da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da zakkar ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da wahala da kashe dukiya kuwa ɗaya cikin ashirin. Malamanmu ba su auna buhu da buhu kawai ba, sun tambayi me aka kashe kafin ruwa ya kai gindin shuka.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur wannan tambaya ta zama ta rai da mutuwa ga ɗan lambu. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Wasu suka rage fili, wasu suka juya injinsu ya koma shan gas, masu hali suka sayi sola. Amma har yau in ka zauna da manoma a kasuwar Dambatta ranar Lahadi, hirar ita ce wane ya tsinki kwando kaza, wane injinsa inci uku ne. Da wuya ka ji wanda zai ce maka lita kaza ce ta ba shi kwando guda. Ba rashin basira ba ne, mutanen da ke riƙe lissafin dami da tiya da bashin shekara uku a ka ba za a kira su marasa lissafi ba. Fetur ɗin ne ake sayensa kaɗan-kaɗan, yau lita uku, jibi huɗu, yana zurarewa ba a ganin tarinsa, kwanduna kuwa a jere suke fitowa kowa yana gani.

Mai sola ma bai tsira daga tarkon ba. Ya ga ba ya sayen fetur sai ya ɗauka ruwansa kyauta ne, ya manta kuɗin faranti da famfo da ya zuba sai an raba su a kan shekarun da za su yi suna aiki, ya manta kuma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa yana da iyaka, in ya sake shi yini guda saboda rana ba ta karɓar kuɗi, rijiyar maƙwabcinsa ce za ta fara ja da baya.

Abin da nake roƙon malaman gona da shugabannin ƙungiyoyin manoman rani su dage a kai ƙarami ne. Kowane ɗan lambu ya sa a rubuta masa duk litar da ya zuba a inji daga ranar dashe zuwa tsinkar ƙarshe, ko da ɗansa ɗan firamare ne zai riƙa rubutawa, sannan a raba da kwandunan da aka samu. Da wannan adadi guda zai san ko filinsa na tumatir ne ko na albasa ko na alkama, ko tiyonsa ne ke zubar da rabin ruwan a hanya, ko gwamma ya yi ban ruwa da sassafe da yamma maimakon tsakar rana, da kuma shekara nawa sola za ta yi kafin ta mayar masa da kuɗinsa in ya ci bashi ya saya.