Mama Nas: Uwa a Gida, Uwa a Ɗakin Haihuwa

A cikin bayin da Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa hidimar jama'a akwai waɗanda ba a sanin nauyin da suka ɗauka sai ranar da aka shimfiɗa tabarmin ta'aziyyarsu, aka ga irin mutanen da suka taru. Haka ya kasance a wani gida a Kumbotso, inda wata dattijuwa ta riga mu gidan gaskiya bayan ta ƙarar da ƙuruciyarta da girmanta tana aikin jinya da karɓar haihuwa a ƙauyukan Kura da Bunkure. 'Ya'yanta Umma suke ce mata, sauran jama'a kuwa, tun daga matan aure har direbobin tasha, Mama Nas suka sani. Ba zan ambaci sunanta ba, domin ko da tana raye ba mai son a yayata ta ba ce.

Wanda yake so ya gane aikinta, tilas ya fara sanin ƙasar da ta yi shi. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974, sannan aka jawo ruwanta ta manyan magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, har ƙasar da a da ba ta san shuka ba sai da damina ta wayi gari tana ba da alkama da shinkafa da tumatir da albasa a tsakiyar rani. Wannan ni'ima ce babba, babu mai musun haka. Amma ruwan ya zo da jarrabawarsa, domin sauro, wanda a da yake ɗaukewa idan hunturu ya shigo, ya sami wurin hayayyafa rani da damina. Dodon koɗin da ke manne a bakin magudanai kuma ya zama masaukin tsutsar tsargiya, wadda take huda fatar yara masu wanka da manoma masu ban ruwa. Mama Nas ta tarar da iyaye da dama suna ɗaukar fitsarin jinin da tsargiya ke jawowa alamar balaga ce ga ɗa namiji, sai da ta yi ta nanata musu, cikin ladabi, cewa cuta ce, kuma tana da magani.

Ta fara aiki a lokacin da ake tafasa allura da sirinjin gilashi a tukunya kafin a yi wa na gaba, ba a kuma san wayar hannu ba. Idan naƙuda ta yi wa mace tsanani da tsakar dare, mijinta ko ƙaninsa ne zai hau keke ko babur ya zo ya yi sallama a ƙofar gida, ita kuwa ta yafa mayafi, ta ɗauki jakarta mai ɗauke da almakashi da zare da auduga da sabulu da cocilan, ta bi shi ta kan gaɓar magudanar ruwa cikin duhu. Abin da ya fi muhimmanci a wannan tafiya shi ne ta gane haihuwar da za a iya karɓa a ɗaki da wadda dole a nemi mota zuwa Kura ko Asibitin Murtala a birni, domin ta san abin da doguwar naƙuda take haifarwa: ko a rasa jariri, ko a bar yarinya da yoyon fitsari, ko jijjiga da zubar jini su tafi da uwar.

A nan ne hikimarta ta fi burge ni. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna tun a shekarun 1970 cewa yawan shan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama masu jego a ƙasar Hausa. Sanin wannan abu ne mai sauƙi ga wanda ya yi karatu. Faɗa wa surukar da ta haifi goma, ta yi wa kowannensu wankan arba'in, shi ne aiki. Ba ta taɓa shiga gida ta kunyata ungozoma ko ta raina tsohuwa ba. Sai ta durƙusa ta gaishe ta, ta kira ta Inna, ta yaba tarairayar da take yi wa mai jego, sannan ta roƙi a sirka ruwan, a rage kanwar. Da yawa daga cikin ungozomomin nan daga baya su ne suka riƙa rako mata masu ciki wurin awo.

Shekarar 1996, da annobar sanƙarau ta auka wa Kano tare da ƙyanda da amai da gudawa, ta kan kwana a wurin aiki, ta dawo ta yi wanka kafin ta taɓa 'ya'yanta. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar a 2003, zukata suka cika da zargi har aka dawo da shi a 2004, irinta ne mutanen ƙauye suka yarda su buɗe wa ƙofa, saboda sun san ita ta yanke cibiyar yaran da za a ɗiga wa maganin.

Sai dai wannan hidima ba kyauta iyalinta suka ba da ita ba, kuma wajibi ne a faɗa. Sau da yawa babbar 'yarta ce ta ɗora tukunya ta shirya ƙannenta makaranta. Akwai ranakun Salla da aka ci tuwo ba ta nan. Akwai albashin da bai kai ƙarshen wata ba domin ta saya wa wani marar hali magani. Yaro ba ya gane dalilin da zai sa a ɗauke masa uwa da dare saboda ɗan wani. A zaman makoki ne suka gane, yayin da mata suka riƙa zuwa daga Kadawa da Bunkure, wasu da goyo, wasu da jikoki, kowacce ta ce musu yaya haƙuri, su amsa da godiya, sannan ta nuna wani saurayi ko budurwa ta ce a hannun marigayiya aka haife shi.

Malamai, ciki har da Imamu Gazali, sun lissafa ilimin magani a cikin farillan kifaya, wato wajibin da idan wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa sauran, idan kuwa kowa ya bari al'umma duka ta yi laifi. Tarihi kuma ya kiyaye mana sunan Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tantinta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Ina ganin duk mahaifin da yake jin kunyar 'yarsa ta karanci jinya, alhali yana ƙin namiji ya duba matarsa, ya kamata ya zauna da waɗannan misalai biyu ya yi nazari.

Bayan an share makoki, 'ya'yanta sun yi shawarar abin da za su yi mata na sadaka mai gudana. Sun biya basussukanta, sun raba tufafinta ga mabukata, sannan suka amince su riƙa haɗa kuɗi duk shekara suna ɗaukar nauyin karatun wata marainiya daga ƙauyen da mahaifiyarsu ta fi daɗewa tana aiki, wadda take da burin shiga makarantar ungozoma ta Dambatta. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta.