Ko Kun Sani? Hular Gashi Ma Tana Jin Hunturu

Gashin da ke kan mutum yana samun maiƙo daga fatar kai, shi ya sa yake laushi. Gashin mutum da aka yi hular gashi da shi kuwa ya rabu da wannan gata tun ranar da aka aske shi. Da yawansa daga Indiya yake fitowa, musamman wurin ibada na Tirumala, inda masu ziyara ke aske kawunansu, sannan a sarrafa shi a masana'antu irin na birnin Xuchang da ke ƙasar Sin.

Saboda rashin wannan maiƙo, da hunturu ya kama, busasshiyar iska kan tsotse ɗan danshin da ya rage masa, sai ya cukurkuɗe, bakinsa ya riƙa tsagewa. Yawan wanki ƙara masa ciwo yake yi. A wanke shi jefi-jefi da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shafa man laushi daga tsakiya zuwa baki, ban da gindin da aka ƙulla, don kada ƙullin ya saki. Taza kuma daga baki ake farawa, da mataji mai manyan haƙora.

'Yan uwa mata, kada a shanya shi kusa da garwashi, a bar shi ya bushe a inuwa.