Maigida, Ka Ba Da Izini Tun Da Wuri

Maigida, da kai nake. Matan da akan kawo mana ɗakin shan magani a galabaice, ba rashin kuɗi kaɗai ke tsai da su ba. Sau da yawa kai ne ka tafi cin kasuwar Shuwarin, ko ci-rani, ba mai ikon cewa a fita da ita.

Tun ciki yana wata uku ka bar ta ta riƙa zuwa awo. Sa'an nan ka gaya wa mahaifiyarka da ungozoma, a gabanta: in naƙuda ta wuce awa 12, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama ta, lalle a kai ta asibiti ko ba ka nan. Ka shirya da mai mota tun yanzu, ka ajiye kuɗin mai.

Doguwar naƙuda ke kawo yoyon fitsari. Ba sammu ba ne, kan jariri ne ke danne mafitsara har ta huje. Ana ɗinkinsa kyauta a babban asibitin Jahun, inda likitocin MSF suka soma wannan aiki a 2008. In da mai wannan lalura a gidanka, kada a ɓoye ta a ƙuryar ɗaki, a kai ta.