Sanyin Hunturu: Yadda Yake Cutar da Jiki

Daga Disamba zuwa Janairu, iskar hunturu daga Sahara kan kankama a Potiskum, musamman da asuba. Masu kwana a waje, kamar almajirai, yaran mota da masu gadin dabbobi a kasuwar shanu, su suka fi shan wuyarta.

Zafin jikin mai lafiya yana kusa da digiri 37 ne. In sanyi ya yi yawa, sai jijiyoyin jinin fata su tsuke, jiki ya janye jini zuwa zuciya da sauran kayan ciki. Shi ya sa yatsu, kunne da hanci ke fara sandarewa. A ƙasashen ƙanƙara kamar Rasha da Kanada, ruwan cikin naman yatsa yakan daskare, wurin ya mutu ya yi baƙi, har a kai ga yankewa. Hakan sai sanyi ya kai digiri 0 ko ƙasa, abin da Potiskum ba ta saba gani ba.

Namu haɗarin shi ne zafin jiki ya faɗi ƙasa da 35: karkarwa, ruɗewa, magana ta sarƙe, barci ya yi nauyi. Jarirai da tsofaffi ya fi kamawa. Ga kuma faso, tsagewar leɓe, tari da tashin asma.

In zafin jikin mutum ya faɗi haka, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi har kansa, a ba shi kunu mai ɗumi in yana hayyacinsa, a kai shi asibiti. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, domin gubar iskarsa ba ta da wari, kuma tana kisa.