Ƙarshen tallafin Windows 10: Mafita ga masu tsofaffin kwamfutoci

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 tallafin tsaro na kyauta, bayan shekara 10 da fitowarta. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba za ta daina aiki ba, sai dai duk wata ɓaraka da masu kutse suka gano daga baya za ta kasance a buɗe ba mai toshewa. Ga ɗan kasuwar da ke shiga asusun banki ta kwamfutarsa, ko ma'aikacin da ke ajiye takardun ofis a cikinta, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya gurgunta ayyukan asibitoci da dama a Ingila, ya samu shiga ne ta kwamfutocin da ba a sabunta ba.

Ƙaura zuwa Windows 11 kyauta ce ga mai halastacciyar Windows 10, amma tana da sharuɗɗa. Ana buƙatar RAM aƙalla gigabayit 4 da ma'ajiya mai gigabayit 64, waɗanda akasarin kwamfutoci ke da su. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙwaƙwalwar na'urar da kuma guntun tsaron nan da ake kira TPM 2.0. Microsoft na karɓar ƙwaƙwalwar Intel ne daga zubi na 8, ko AMD Ryzen daga jerin 2000, wato kusan waɗanda aka ƙera daga ƙarshen 2017 zuwa sama.

A nan ne matsalar ta shafi 'yan Najeriya kai-tsaye, domin da yawa daga kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake saye a Computer Village da ke Ikeja ko Banex a Abuja na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su. Gane zubin ba wuya: lambar farko bayan ɗan layin ita ce shaida, ko lambobi biyu na farko a sababbin zubi. Ƙwaƙwalwar i5-6300U, irin ta HP EliteBook 840 G3, zubi na 6 ce, ba ta cancanta ba. I5-8250U kuwa ta cancanta. Manhajar PC Health Check ta Microsoft na bayar da amsa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wani lokacin ma TPM ɗin na nan, a kashe kawai yake a cikin BIOS, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM.

Wasu masu gyara kan tsallake waɗannan sharuɗɗa su ɗora Windows 11 da ƙarfi. Tana tashi, tana kuma aiki, amma Microsoft ya bayyana cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan kwamfuta ba. Mai saye ya lura: ganin Windows 11 a allo ba hujja ba ce cewa na'urar ta cancanta.

Wanda tasa ta cika sharuɗɗa, ya fara da kwafe takardunsa zuwa filas ko wata ma'ajiya ta waje. Ya kuma tanadi data ta gigabayit da dama da tsayayyar wuta, musamman idan batir ya mutu, domin ɗaukewar lantarki a tsakiyar aiki kan iya hana kwamfutar tashi. Bayan ƙaura akwai kwana 10 na komawa Windows 10 idan firinta ko manhajar lissafin shago ta ƙi aiki.

Ga wanda tasa ta gaza kuwa, a 2025 Microsoft ya samar da shirin ESU, wanda aka tsara ya tsawaita tallafin tsaro zuwa 13 ga Oktoban 2026 a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya adana saitunansa a asusun Microsoft. Jinkiri ne kawai. Hanya mai ɗorewa ita ce Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori, ga LibreOffice da ke buɗe takardun Word da Excel, ko da yake tsarin wasu takardun kan ɗan sauya. Ma'aikacin da kwamfutarsa ta ofis ce kuwa, sai ya nemi izinin sashen kula da kwamfutoci kafin ya canja komai.